Ban ruwan ɗigo: kaɗa tana son ruwa da awo

Ƴan'uwa manoma, darasinmu na yau a kan kaɗa ne, wadda wasu ke kira auduga, da ban ruwan ɗigo. A wannan dabara, ana shimfiɗa siraran tiyo masu ƙananan huji a bin layi. Ruwa yana ɗiga a gindin shuka kawai. A ƙasar Sin, a jihar Shinjiyang mai ƙarancin ruwan sama, da haka ake noma kaɗa mai yawa.

Ruwa nawa ne?

Daga shuka zuwa tsinka, kaɗa tana shan milimita 700 zuwa 1300, gwargwadon zafin wuri. Milimita 1 shi ne lita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Amma ba kullum ƙishinta yake ɗaya ba. Tana ƙarama, kaɗan ya ishe ta. Wajen kwana 60 bayan shuka, sai ta fara fure. Daga nan har ƴaƴa su ƙosa, lokacin babban ƙishi ke nan.

Idan mun rage

Fure da ƙananan ƴaƴa suna zubewa. Mu sani kuma, a cikin mako 3 na farko bayan fure silin kaɗa yake yin tsawo, sa'an nan ya yi kauri. Ƙishi a farko yana ba da gajeren sili. Ƙishi daga baya yana ba da sili marar ƙwari, mai tsinkewa wajen kaɗi. Irin wannan kaɗa ba ta daraja wurin mai saye.

Idan mun wuce kima

Shuka tana yin tsawo da ganye, ƴaƴa kaɗan. Nuna yana jinkiri, ƴaƴan ƙasa suna ruɓewa, taki yana nutsewa nesa da saiwa. Ga kuɗin mai ya tafi a banza.

Me za mu yi?

Mu tona zurfin taƙi 1 kusa da shuka, mu dunƙula ƙasar. In ta watse, mu ba da ruwa. In ta dunƙule, mu dakata. Mu tace ruwa, kada huji ya toshe. Da ƴaƴa sun fara buɗewa, mu rage, sa'an nan mu tsayar.

Tambayoyi

1. Yaushe kaɗa ta fi jin ƙishi?
2. Me ke sa sili ya gajarce?