Bernard Pivot, Ɗan Jaridar Da Ya Fara Da Ƙamus



A zangon karatun da ya wuce Malaminmu na Faransanci ya yi mana shifta, na ci uku daga cikin ashirin. Kunya ta kama ni ƙwarai, har na ƙudura zan bar darasin in huta. Da na je na gaya wa Malam bai yi mini faɗa ba. Sai ya ce in zauna, ya ba ni labarin wani ɗan jarida Bafaranshe mai suna Bernard Pivot, sa'an nan ya ce in je in binciko sauran. Abin da na samo shi nake so in ɗan gutsura muku.

An haifi wannan mutum ran 5 ga watan Mayu 1935 a birnin Lyon na ƙasar Faransa. Iyayensa kanti gare su, suna sayar da kayan masarufi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka kama mahaifinsa suka tsare, sai mahaifiyarsa ta koma da yara wani ƙauye da ake kira Quincié. A can littattafai sun yi ƙaranci, babban abin da yaron ya samu shi ne wani ƙamus mai suna Petit Larousse. Shi ya riƙa buɗewa yana bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda wani zai bi tatsuniya. Bayan yaƙi aka sa shi makarantar kwana irin tamu. Kada ku zaci shi ne zakaran ajinsu, don kuwa a lokacin ƙwallon ƙafa ya fi ɗauke masa hankali.

A 1955 ya tafi Paris ya shiga makarantar koyon aikin jarida. A 1958 ya sami aiki a jaridar Figaro littéraire, wadda ke ba da labarin littattafai da marubuta. Nan ya daɗe yana gogewa kafin ya shiga talabijin a 1973.

Abin da ya fito da sunansa duniya ta sani shi ne wani shiri mai suna Apostrophes, wanda aka fara a watan Janairu 1975 a tashar Antenne 2. Kowace Juma'a da dare sai ya tara marubuta kamar huɗu ko biyar, su zauna su yi ta muhawara a kan sababbin littattafansu, ana nunawa kai tsaye. Babu kiɗa, babu rawa, zance ne kurum, amma miliyoyin mutane ke kallo. In gari ya waye sai masu kantin littattafai su ga jama'a na neman littafin da aka yi magana a kansa jiya. An yi shirin sau 724 kafin a rufe shi a watan Yuni 1990.

To, mene ne asirinsa? Shi ne karatu kafin magana. Ba ya yi wa marubuci tambaya sai ya karanta littafinsa, ya ja layi, ya rubuta abin da zai tambaya, har yakan wuni yana karatu. Kuma ba ya nuna shi masani ne. Tambayar da mai kallo a gida zai so ya yi, ita yake yi. Manyan marubuta sun yarda da shi, kamar su Solzhenitsyn, mutumin Rasha da aka kora daga ƙasarsa saboda rubutunsa. Wani kuma mai suna Nabokov, a 1975, ya ƙi zuwa sai an ba shi tambayoyin tun da wuri, ya zo ya ɓoye takardun amsa a bayan tarin littattafai yana karantawa!

Amma ba a rasa masu suka ba. A 1982 Régis Debray, mai ba Shugaba Mitterrand shawara, ya zargi shirin da yin mulkin kama-karya a kasuwar littattafai. Ni dai a ganina akwai abin dubawa a maganar, domin in mutum ɗaya ne ke zaɓar wanda za a ji, wanda bai gayyata ba ya shiga uku. Duk da haka jama'a da yawa suka goyi bayan Pivot, shirin ya ci gaba.

Yanzu ga inda labarin ya taɓa ni. A 1985 ya shiga shirya gasar shifta ta ƙasa. Faransanci harshe ne mai haruffa da yawa da ake rubutawa amma ba a furtawa, saboda haka har 'yan ƙasar kan yi kuskure. Pivot kan tsaya ya karanta shiftar mai cike da tarko, yara da manya suna rubutawa, na gida ma su ɗauki fensir. A 1992 har a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York aka yi ta. Gasar ta kai 2005. Malam ya ce mini, in har Bafaranshe mai furfura zai zauna a gyara masa kuskure a gaban jama'a, ni mene ne nawa na gudu?

Daga 1991 zuwa 2001 ya gabatar da wani shirin mai suna Bouillon de culture. A 2004 aka zaɓe shi cikin mutum goma masu ba da kyautar Goncourt, babbar kyautar marubuta a Faransa, ya kuma shugabance su daga 2014 zuwa 2019. Ya rasu ran 6 ga Mayu 2024, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 89.

'Yan'uwana, laburarenmu na nan, amma sai jarrabawa ta ƙarato muke tunawa da shi. Mu tuna, da yayyafi kogi kan cika. Ni yanzu kullum bayan sallar la'asar nakan ɗauki kalma biyar a ƙamus in rubuta. A shiftar makon jiya na ci goma sha ɗaya. Ban kai ba tukuna, amma na fasa gudu.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku, in kuna haɗa mana garin kwaki da sukari za mu dawo makaranta, ku taimaka ku sa mana ƙamus ko da ƙarami ne a cikin akwati. Gari zai ƙare kafin hutu, ƙamus kuwa har ƙannenmu za su gada.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.