Wasiƙar Sanballat a Cikin Wayarka

Karatu: Nehemiya 6:1-16, 2 Sarakuna 5:19-27
Ayar haddacewa: 2 Timoti 1:7

In ka karanta surar Nehemiya da aka ba mu a natse, za ka lura Sanballat da Geshem ba da takobi suka zo ba. Sau huɗu suna aika wa Nehemiya ya bar aikin garun Urushalima ya same su a filin Ono, sau huɗu yana ƙi. A karo na biyar sai Sanballat ya turo baransa da wasiƙa a buɗe, yadda duk wanda ta bi ta hannunsa zai iya karantawa. A ciki an zarge shi da shirin tayarwa da neman sarauta, aka kuma ce maganar za ta kai kunnen sarki in bai zo an zauna ba. Ko ɗaya daga ciki bai faru ba. Abin da suke nema shi ne gabansa ya faɗi, hannunsa ya yi sanyi, aiki ya tsaya. Nehemiya ya aika musu cewa ƙagen zuciyarsu ne, ya roƙi Allah ƙarfi, ya koma bakin aiki, aka gama garun cikin kwana 52.

Irin wannan wasiƙa har yau ana aika ta, sai dai yanzu ta waya take shigowa. Malamin makaranta a Roni, ma'aikaciyar jinya a Babura, ɗalibi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, duk wanda yake da adireshin imel zai iya wayar gari ya tarar da ita. Yawanci da Turanci take. Mai saƙon zai ce ya shiga wayarka ko kwamfutarka, ya kunna kyamara ba ka sani ba, ya ɗauke ka kana kallon abin batsa, kuma zai tura bidiyon ga matarka, da faston ku, da dukan lambobin da ke wayarka, sai fa in ka biya ɗaruruwan daloli ta Bitcoin cikin awa 24 ko 48.

Abu biyu ne suke sa mutum ya gaskata. Na farko, wani lokaci mai saƙon yakan rubuto kalmar sirri da ka taɓa amfani da ita. Ba daga wayarka ya samo ta ba. Akan fasa rumbun bayanan manyan kamfanoni a kwashe adireshi da kalmomin sirri na miliyoyin mutane, a riƙa sayar da su. An fasa na LinkedIn a 2012, a 2016 kuma bayanan mutum fiye da miliyan 100 suka fito kasuwa. Daga irin waɗannan tsofaffin jerin sunaye aka fara watsa wannan barazana da yawa a 2018. Na biyu, saƙon yakan zo kamar daga adireshinka ya fito, don ka ɗauka yana cikin akwatinka. Wannan ma dabara ce tsohuwa: ana iya rubuta sunan kowa a wurin mai aikawa, kamar yadda mutum zai rubuta sunan wani a bayan ambulan. Na'ura ce ta tura wa dubban mutane saƙo iri ɗaya, ana jiran wanda lamirinsa zai tsorata shi ya biya. Ka lura, ba ya nuna maka bidiyon, domin babu shi. Kada ka amsa, kada ka biya, kada ka taɓa wani linki ko takarda da ya haɗo. In har yanzu kana amfani da waccan kalmar sirri a wani wuri, canza ta yau, ka goge saƙon, ka kwanta ka yi barci.

Akwai iri na biyu, shi ne ya fi nauyi, a kansa kuma nake so mu daɗe. Wata kyakkyawar yarinya ce za ta nemi abota da kai a Facebook ko Instagram, ko wani saurayi mai ladabi ya fara gaishe ki kowace safiya. Hira ta yi daɗi, a koma WhatsApp, a turo maka hoton tsiraici a ce kai ma ka turo naka, ko a kira ka ta bidiyo ana naɗa ba ka sani ba. Da zarar hoton ya fita daga hannunka, murya sai ta canza. A nan da gaske suna da abin da suka ce suna da shi, sun kuma riga sun kwafi sunayen 'yan'uwanka daga shafinka.

Ba labarin nesa ba ne a gare mu, domin sau da yawa daga ƙasarmu saƙon yake tashi. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya faɗa wannan tarko. An nemi dala 1,000, ya tura 300, ba a ƙyale shi ba, cikin 'yan sa'o'i ya ɗauki ransa. Wasu 'yan'uwa biyu daga Legas, Samuel da Samson Ogoshi, aka kama, aka miƙa su Amurka a 2023, a watan Satumba na 2024 aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 17 da rabi. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a.

Dubi abin da ya faru da yaron nan: ya biya, ba a bar shi ba. Wanda ya biya sau ɗaya ya nuna yana da abin bayarwa kuma yana jin tsoro, don haka za a dawo. In kana cikin wannan hali yanzu da kake karanta shafin nan, ka daina amsa musu, kada ka tura ko sisi. Kafin ka toshe lambar, ɗauki hoton hirar da sunan shafin da lambar asusun da suka ba ka, domin su ne shaidarka. Ka kai ƙarar shafin a cikin manhajar. Akwai kuma hidimomi biyu na kyauta a intanet, Take It Down domin hoton da aka ɗauka mutum bai kai shekara 18 ba, da StopNCII domin manya. Hoton ba ya barin wayarka. Wata alama ce ta lissafi ake cirowa daga jikinsa a ba kamfanonin da suka shiga tsarin, don su gane shi su hana a ɗora. Sannan ka kai maganar ga hukuma. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta wannan barazana, hukumar EFCC tana da ofishi a Kano, 'yan sanda kuma suna da cibiyar yaƙi da laifuffukan intanet a Abuja. A idon doka kai aka cuta.

Amma kafin duk wannan, gaya wa mutum ɗaya. Yau, kafin dare. Ƙarfin ɗan damfara duka yana cikin shirunka. Ya san muddin kai kaɗai ne da shi a ɗaki da tsakar dare, shi ne mai mulki. Ka tuna abin da Shemaiya ya ba Nehemiya shawara a aya ta 10, wato ya shiga Haikali ya kulle ƙofa ya ɓuya. Da bakin annabci ya faɗa, amma an biya shi ne ya faɗa. Muryar da take ce maka ka ɓoye, kada kowa ya ji, rayuwarka ta ƙare, ba daga Ruhu Mai Tsarki take ba. In akwai zunubi a cikin yadda abin ya faro, akwai wurin kai shi, 1 Yahaya 1:9 ta nuna maka hanya, jinin Yesu kuwa bai gaza a kan hoto ba. Tuba a gaban Allah daban, biyan fansa ga ɓarawo daban. In tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, kada ka kwana kai kaɗai. Tashi ka ƙwanƙwasa ƙofar wani, ko ƙarfe nawa ne.

A nan ikilisiya ma tana da abin dubawa. Mu a wannan yanki ba mu da yawa, kowa ya san kowa, maganar da aka yi a Gwiwa da safe kafin la'asar ta isa Kazaure. Wannan ne ya sa tsoron tonon asiri ya fi ƙarfi a tsakaninmu. In yaro ya san ranar da ya faɗa wa babansa za a fara da bulala, ko 'yar'uwa ta san sirrinta zai zama abin addu'a a gaban dukan zumuntar mata, to ba za su faɗa ba, za su je su ci bashi su biya. Baba, Mama, in ɗanku ya zo da irin wannan magana, ku fara da cewa kun gode da ya faɗa. Faɗa da gyara suna da ranarsu. Dattijon da aka ba amana kuwa ya riƙe bakinsa, ko a gida.

Karatunmu na biyu ya kawo mu ga wata damfarar. Elisha ya ƙi karɓar komai daga hannun Na'aman bayan ya warke, sai Gehazi ya bi shi a guje ya ce maigidansa ne ya aiko shi, wai baƙi biyu daga cikin 'ya'yan annabawa sun iso, ana bukatar azurfa da tufafi. Na'aman bai yi musu ba, har ninkawa ya yi, domin sunan da aka ambata sunan da yake girmamawa ne. Haka ake yi mana yau. Wani zai kira ka, ya gaishe ka cikin sunan Ubangiji, ya ce za a yi taron addu'a ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don a sa ka a ciki. Lambar nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ce. Kana faɗa, ya ƙwace shafin, ya shiga rukunin ikilisiya da sunanka da hotonka yana cewa kana asibiti, a taimaka da dubu ashirin zuwa gobe. Maganinsa yana cikin saitin WhatsApp, inda ake kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Minti biyu ya isa. Duk saƙon neman kuɗi kuwa, ko da hoton Fasto ne a kai, kira lambarsa da ka sani ka ji muryarsa tukuna. Shafin da yake ɗauke da sunan wani babban bawan Allah yana ce maka ya ga wahayi a kanka, ka shuka iri a wannan asusu kafin tsakar dare, na Gehazi ne.

Sauran kun san su. Mai kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka faɗi lambar katin ATM da lambar sirri da lambar da aka turo yanzu ba; banki ba ya tambayar waɗannan ta waya, ko da mai kiran ya karanto maka BVN ɗinka daidai. Je reshen bankinka ka tambayi lambar da ake dannawa a rufe asusu in waya ta ɓata, ka rubuta ta a takarda a gida. Mai shago da mai POS, kada saƙon alat ko hoton rasit ya ishe ku. Ku duba kuɗin ya shiga asusu kafin kaya su fita. Aikin gwamnati da aka ce sai ka biya kafin a sa sunanka, ka bar shi.

Wadda ta fi cin mu ita ce ta riɓa, domin ɗan'uwa ne yake kawo ta, shi ma da zuciya ɗaya. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin wata guda, ta rushe a watan Afrilu na 2025. Tsarin ɗaya ne: kuɗin sabon shiga ake ba na farko, shi ya sa shaidar na farkon gaskiya ce, an biya shi. Ni dai a ganina bai kamata a ba irin wannan shaida wuri a lokacin sujada ba. Tambayi abin da ake saya da sayarwa har riba ta fito, ka kuma duba ko suna da rajista da hukumar SEC mai kula da hannun jari.

Kai kuma matashi da abokai suke nuna maka wannan hanya suna kiranta wayo, karanta ƙarshen Gehazi a aya ta 27, ka tuna akwai uwa a Michigan da ta binne ɗanta. Iyaye, in yaron da ba ya aiki ya kawo babur sabo, ku tambaye shi inda ya samu kafin ku sa albarka.

Aikin wannan mako: ranar Lahadi bayan sujada, matasan da suka iya waya su zauna da iyayenmu da dattawa a taimaka musu su kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kowa ya shigar da lambarsa da hannunsa ba tare da ya faɗa wa mai taimakon ba. Shugabanni su sanar da sunan namiji ɗaya da mace ɗaya da za a iya zuwa wurinsu a asirce.

Abin addu'a: ka yi roƙo domin duk wanda yake ɗauke da irin wannan saƙo a wayarsa a daren nan bai gaya wa kowa ba, Ubangiji ya ba shi ƙarfin hali ya buɗe baki.