Darasin Juma'a: Ruwan da Ba a Kanmu Aka Yi Ba

Darasinmu na wannan mako a kan ruwa ne. Lokacin da damina ke shirin ban kwana a gida, nan Kudu sai ta sake ɗaura ɗamara. Bayan ɗan tsagaitawar da ruwa kan yi a watan Agusta, yakan dawo a Satumba da Oktoba da iska da tsawa, daidai sa'ad da kogin Neja da na Binuwai suka cika maƙil. Kuma a lokacin ne masu shiga ƙauyuka sayen goro da manja, da masu rakiyar shanu da buhunan albasa, suke kan hanya.

Mun saba mu ɗaga kai mu dubi sama, in ba hadari mu ce yau lafiya lau. To ambaliya ba haka take ba. Sau da yawa ruwan da ke cin gari a wata ƙasa aka yi shi. Akwai madatsar Lagdo a arewacin Kamaru, a kan kogin Binuwai. In ta cika aka buɗe ta, ruwan yakan biyo ta Yola da Makurdi, ya haɗu da Neja a Lokoja, ya gangara Onitsha har Bayelsa, yana kwanaki a hanya. Sai ka ga rana tsaka, sama fes, amma ruwa na hawa gona. A 2012 da 2022 ruwa ya shafe hanyar Lokoja zuwa Abuja, manyan motoci suka yi kwanaki a layi wajen Koton Karfe. A ambaliyar 2022 gwamnatin tarayya ta ce mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin ƙasa. Wannan irin ruwan yana ba da sanarwa: hukumomin NIHSA da NEMA kan yi gargaɗi a rediyo. Wanda zai yi lodi, ya kira mutanenmu na Lokoja ko Jebba tukuna ya ji yadda hanya take.

Akwai kuma wanda ba ya sallama. Duk mai bin hanyar Jebba ya san Mokwa. Ranar 29 ga Mayu, 2025, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ambaliya ta afka wa Unguwar Hausawa da Tiffin Maza da asuba, mutane na cikin ɗaki. An tabbatar da rasuwar fiye da mutum 150, Allah Ya jiƙansu. Mu dubi inda muke sauka idan mun shiga ƙauye. Baƙo yakan samu ɗaki mai araha a gangare, bakin rafi ko kwari, wurin da 'yan gari suka ƙi. Ai ba banza suka ƙi shi ba. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ko na sito, dubi jikin bango: ruwa yakan bar shaidarsa. Ka tambayi dattijan wurin inda ya kai bara. Huhun goro da buhu a ɗora su kan katako, takardun shago da na makarantar yara a ƙulle a leda a rataye sama.

Sai maganar tsallaka ruwa, kuma nan ne za mu ɗan tsaya. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa na tafiya da yawancin motoci. Kuma ruwan ja ne, ba ka ganin ko kwalbati na nan ko ya zame. Direba ya san wannan. Abin da ke tura shi ciki shi ne wayar maigida: "Malam, tumatir ɗin nan fa zai ruɓe, wasu ai sun wuce." Alhazai, a ganinmu mai kayan da ya matsa wa direba ya shiga ruwa yana da kaso a duk abin da ya biyo baya. A bayan motar nan akwai yaran mota, akwai 'yan rakiya zaune kan kaya, yawancinsu ba su iya iyo ba. A faɗa wa direba tun a tasha cewa in ya tarar da ruwa a kan titi ya tsaya, asarar ta mai kaya ce.

Tsawa kuma, laifin da aka fi yi shi ne fakewa gindin bishiya. Aradu ta fi faɗa wa abu mai tsawo, daga nan wutar ta bi ƙasa, shi ya sa shanu ke mutuwa a tare. A Satumbar 2019 ta kashe shanu 36 a kan wani dutse a Ijare, jihar Ondo. Idan ka ga walƙiya, ƙirga: duk daƙiƙa 3 kafin ka ji rugugi, kilomita ɗaya ke nan tsakaninku. Amma muddin kana jin ƙararta, tana iya kai maka. Rumfar kwano ta kasuwa ba mafaka ba ce. A shiga ginin da ke da bango, ko mota mai rufin ƙarfe a rufe gilashi, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Iyaye mata, kada a tura yara tarar ruwa a bakin indararo ana cikin tsawa.

Ko zuwa masallaci shari'a ta yi sauƙi: ruwa mai tsanani uzuri ne na barin jam'i, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta haɗa Magariba da Isha'i a masallaci a daren ruwa. Dattijon da hanyarsa ta bi ta kan lambatu ya yi sallarsa a gida.

Idan ruwa ya janye, rijiyar da ya shiga ta haɗu da masai. A tafasa ruwan sha, a kai mai amai da gudawa asibiti ba tare da jira ba. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.