Amsar Tambaya: Takardar Shaidar Gini Mai Tsimi Tana da Riba?

Wani mai karatu daga Wadata, Yamai, zai gina gidajen haya, yana tambaya ko takardar shaidar gini mai kiyaye muhalli ta cancanci kuɗinta.

Ta cancanta, in tun daga zane aka fara. Takardar EDGE, ta hukumar IFC ta Bankin Duniya, tana buƙatar gini ya rage aƙalla kashi 20 cikin ɗari a makamashi, da ruwa, da hayaƙin da sarrafa kayan gini ke fitarwa. A Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin yakan kwana da zafi, fanka na ta juyi, kuɗin wutar NIGELEC na ta hawa. Katanga mai kauri, tagogi masu fuskantar juna da inuwar baranda suna rage zafin da kuɗin wutar.

Misalin gini mai rage zafi na nan cikin gari: gidajen Niamey 2000, da Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka zana, an kammala su a 2016 da tubalin ƙasa matsattse.

Takardar hujja ce gaban banki da ɗan haya. Mai tambaya ya zauna da mai zane kafin a haƙa tushe, ya sa kuɗin mai binciken da zai tantance ginin domin takardar cikin lissafi.