Darasi don Iyali: Saiwa da Ma'auni

Karatu: Ishaya 38:21, Daniyel 1:8-16

Gabatarwa

A kasuwar Wuse ana sayar da masoro da kanumfari kullum, iyayenmu mata kuwa sun san su a yaji da kunu. Amma kaɗan ne suka san cewa a Idu, cikin wannan birni na Abuja, masana sun haɗa su cikin maganin cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta a Nijeriya kowace shekara.

Fasto da masana

A farkon shekarun 1990, Rabaran Paul Ogunyale, fasto daga jihar Oyo, ya miƙa wani haɗin gargajiya ga cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, a zamanin shugabancin Farfesa Charles Wambebe. Haɗin ya ƙunshi masoro, kanumfari, karan dafi, da itacen da Yarabawa ke kira osun, ɗan'uwan madobiya. Aka raɗa masa suna Niprisan.

Yadda ake binciken

Tsiro ɗaya yana ɗauke da sinadarai masu yawa, waɗansu na amfani, waɗansu na cutarwa. Masana sukan busar da shi, su daka, su jiƙa, su tace, sa'an nan su bi da ruwan ta cikin na'urar da ke rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya. Ta irin wannan hanya aka san yujinol, mai kwantar da ciwon haƙori, a kanumfari, da fiferin, mai yaji, a masoro. Daga nan sai a gauraya ruwan maganin da jinin mai sikila, a rage masa iska, a duba ko ƙwayoyin jinin za su lanƙwashe kamar lauje. Yawan sinadari yakan bambanta bisa ga ƙasa da lokacin girbi, saboda haka dole a auna kowane haɗi.

A 2001 aka buga sakamakon gwaji a kan marasa lafiya 82. Maganin ya rage yawan tashin ciwo mai tsanani, ko da yake ba ya kawar da cutar. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan. Kamfanin ya durƙushe a 2008, magani ya yi wuya, sai a 2018 aka ba May & Baker izinin sarrafa shi.

Abin koyi

Ishaya ya sa a ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a maruru. Daniyel kuma ya yarda a gwada abincinsa kwana 10, a ga sakamako. Bangaskiya ba ta tsoron gwaji. Da faston nan ya ɓoye asirinsa, da ya tafi kabari da shi.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada wani ya sayo kayan nan a kasuwa ya haɗa wa yaro a gida, gama ba mu da ma'aunin. Kada kuma a dakatar da maganin asibiti ba da sanin likita ba. Masu shirin aure su gwada jini tun da wuri: idan dukansu AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai sikila.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake auna magani ko da kakanninmu sun sha shi?
2. Yaya ikilisiyarmu za ta tallafa wa iyalin da ke jinyar mai sikila?

Addu'a: Mu roƙi Ubangiji ya ƙarfafa masu jinya, ya ba masu bincike hikima.