Lungun Bayan Ɗaki: Me Za a Shimfiɗa Ba Tare da An Kashe Kuɗi da Yawa Ba?

Wani magidanci ya aiko da tambaya. Gidansa yana da lungu tsakanin bangon ɗakuna da katanga, tsawonsa kamar mita 10, faɗinsa mita 1. Ba a bi ta nan sai in za a duba tankin ruwa ko a kwashe sokawe. Da damina wurin ya zama taɓo da ciyawa, sauro ya samu gida. Magini ya ce masa a zuba kankare a huta, shi kuma da ya ji kuɗin sai jikinsa ya yi sanyi. Yana neman mafita.

Malam, kafin mu zo kan abin da za a shimfiɗa, ka fita lungun nan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, musamman a watan Agusta, ka tsaya ka duba. Za ka ga ruwan da ke sauka daga kwanon rufi ko indararo ya tona ɗan layi a ƙasa, ya fantsama a jikin bango har ya bar shatar jar ƙasa. Ka lura da inda yake kwanciya bayan an ɗauke. Ciwon lungun ke nan, ruwa. Shi ne yake jiƙa gindin gini har filasta ta riƙa kumbura tana zubowa, fenti yana ɓarewa ta cikin ɗaki. In ginin ƙasa ne ma abin ya fi muni. Duk abin da ka shimfiɗa, in ba ka yi wa ruwa hanya ba, asara ka yi.

Saboda haka aikin farko da fatanya da shebur ne, ba da siminti ba. A kankare ciyawa har saiwa, a gyara ƙasar ta ɗan gangara daga jikin ɗaki zuwa wajen katanga, kamar santimita 2 a kowace mita, sannan ta gangara a tsaye zuwa inda kwata take fita. A tabbata saman hanyar, bayan an gama komai, yana ƙasa da daɓen ɗaki da aƙalla santimita 15.

Shawarar maginin ba ƙarya ba ce, kankare yana da ƙarko. Amma lissafa ka gani. Lungu irin naka, in za a zuba kaurin inci 3, zai ci siminti wajen buhu 5, ban da yashi da dutse da kuɗin aiki. Kuma ga abin da ba a cika faɗa wa maigida ba: lungu shi ne mabiyar bututun ruwa da na bayan gida. Ranar da ɗaya ya toshe ko ya fashe, mai gyaran famfo zai zo da guduma ya farfasa abin da ka kashe wa kuɗi, ka sake biyan facin da ba zai taɓa haɗewa da tsohon ba. A wurin da ake bi sau biyu a wata, wannan ba dabara ba ce. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da na fi ba mutane shawara a kai hawa uku ne, kuma kowane hawa yana iya tsayawa da kansa in aljihu ya gaza. Na farko burji. A zuba jan burji kaurin inci 3 zuwa 4, a yayyafa masa ruwa ya yi damshi ba caɓi ba, a daddage shi da madaɓi ko guntun gungume. Kada a zuba gaba ɗaya, a yi shi kashi biyu ana dakawa. Iyayenmu mata da suke daɓen tsakar gida da ruwan makuba sun san sirrin: ƙarfin yana wajen duka. In akwai ɓaraguzan bulo daga wani gini da aka rushe a unguwa, a farfasa su ƙanana a sa a ƙasan burjin, sau da yawa kyauta ake bayarwa don a rabu da su.

Na biyu tsakuwa. A shimfiɗa tsofaffin buhunan taki ko na hatsi a kan burjin, a zuba dutsen kwari mai rabin inci, kaurin santimita 5. Buhun yana hana ciyawa hudowa, yana kuma hana dutsen nutsewa cikin ƙasa. Kada a sa leda, tana riƙe ruwa. Lungu irin naka baro 8 zuwa 10 ya ishe shi, don haka babu dalilin sayen tifa guda, ka nemi masu sayarwa a baro ko ka sayi ragowar wani mai gini. Ka zaɓi fasasshen dutse mai kaifin gefe, shi ne yake cije juna ya zauna. Tsakuwar rafi mai sulɓi guduwa take yi a ƙarƙashin ƙafa. Amfanin dutse a nan babba ne, domin ruwan rufi in ya faɗo a kansa ba ya fantsama da laka a bango. A bakin lungun a jera bulo a kwance don kada dutsen ya watsu tsakar gida.

Na uku matakai na siminti da za ka iya bugawa a gida. A haɗa akwatin katako mai santimita 40 kowane gefe, zurfin santimita 5, a shafa masa baƙin mai. Buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na dutse, zai ba ka wajen guda 20, kai kuwa 17 kake bukata in ka jera su taku-taku, santimita 60 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. A buga su a inuwa, a ja tsintsiya a samansu tun suna ɗanye don kada su yi santsi, a riƙa ba su ruwa har kwana 7. Da hunturu iska tana busar da siminti kafin ya nuna, sai a rufe su da jiƙaƙƙen buhu. Ranar gyaran bututu, a ɗaga biyu, a ture dutse gefe, a gama a mayar.

Tsakuwa tana da aibinta. Ba ta sharuwa. In akwai darbejiya da take zubo ganye a lungun, uwargida za ta gaji da tsinta da hannu, kaji kuma za su tona ta. A irin wannan gida intalok ya fi. Ka je wajen masu bugawa ka tambayi waɗanda gefensu ya ɗan guntule, ana karya farashinsu, kuma a lungu babu mai kallo. Mai kaurin santimita 6 ya wadatar, a kan yashi ake jera shi ba siminti, yana kuma ɗaguwa. A Maiduguri da wuraren da ake gasa jan bulo, shi ma yana yin wannan aiki.

Fasasshen tayil da ake yayi yanzu kuwa ban yarda da shi a lungu ba. Sai an yi masa gado na siminti, ka ga araharsa ta tafi, kuma in gansakuka ta hau shi a inuwa, santsinsa na iya karya tsoho.

Malam, ka bari ruwa ya ɗauke, a watan Oktoba ko Nuwamba ƙasa tana da sauran damshi mai daɗin daddagewa. Ka gyara gangara, ka zuba burji bana. Dutse da matakai suna iya jiran baɗi in hali bai yi ba.