DARASI: IN HITILAR JUYAWA TA TSOHUWAR MOTA TA DUSHE

Ranar kasuwa, tsoffin motoci ne ke ɗaukar mutanen karkara da buhunan hatsi da bisashe. Kowace mota tana da ƙananan hitilu 4 masu launin ruwan goro, 2 gaba, 2 baya. Su ne hitilun juyawa. A garaji ana ce musu kilinyota, a Najeriya kuma sigina. Aikinsu su gaya ma mutane inda mota za ta bi.

A Nijar mota tana bin hannun dama. Direban da zai bar babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya shiga ƙauye ta hannun hagu, dole ya ratsa hanyar duka. In hitilarshi ta dushe, hasken rana yana rinjayar ta. Mai moto da ke baya ba ya ganin komi, sai ya taho wucewa. Haka hatsari ke faruwa.

Sau da yawa gyaran ba ya cin kuɗi. Abin da yake so shi ne a san hanyar wuta, a bi ta daki-daki.

YADDA WUTA KE TAHIYA

Wutar mota tana cikin batir. Batirin ƙaramar mota bolt 12 gare shi. Yana da kai 2, ɗaya da alamar +, ɗaya da alamar –.

Wuta kamar ɗan aike take, sai ta tahi ta komo. Tana hita ta kan +, ta bi waya, ta ratsa hizibil, ta ratsa ɗan akwatin da ke sa hitila ƙyaftawa, ta bi sandar da direba ke taɓawa, ta kai ga ƙwan hitila. Daga nan babu doguwar waya ta komowa. Ƙarhen jikin mota ne hanyarta har zuwa kan –. Wurin da hitila ta haɗu da ƙarhen mota, shi masu gyara ke kira mas.

Mai noman rani ya san in rairayi ya cika hanyar ruwa, ruwa kaɗan ke kai ga fangali. Tsatsa da datti haka suke yi ma wuta. Wuta tana wucewa, amma kaɗan. Hitila ba ta mutu ba, kuma ba ta da haske.

Peugeot 404 ta hito a 1960, 504 a 1968, kuma a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Motoci masu shekaru haka sun sha damina da yawa. Inji ana yi mishi gyara, amma mas ba a cika tuna shi ba.

A FARA DA KALLO

A tsaida mota a inuwa, a ja birki, a sa kontak. Direba ya kunna hagu, ya kunna dama. Karen mota ya zagaya ya duba hitilun 4. Abin da ya gani shi zai nuna inda ciwon yake:

1. In hitila 1 kaɗai ta dushe, ciwon yana wurinta: murhi, ko ƙwai, ko mazaunin ƙwai, ko mas.
2. In gehe ɗaya ya dushe gaba da baya, a tuhumi sandar direba da wayar wannan gehen.
3. In duka 4 sun dushe amma manyan hitilu lahiya lau, a tuhumi hizibil da akwatin ƙyaftawa.
4. In dukan hitilun mota sun raunana, har hom ya shaƙe, a tuhumi batir da dinamo.

A ƙidaya ƙyaftawa kuma. Hitila mai lahiya tana ƙyaftawa sau 60 zuwa 120 cikin minti 1.

MURHI DA ƘWAI

A kwance murhin hitila da turnabis. Ƙurar hunturu tana shiga ciki, ruwan damina ya maida ta laka. A wanke murhin da ruwa da sabuni, a bari ya bushe. A goge bayan hitila, inda ke da sheƙi, da ƙyalle mai taushi, don shi ke turo haske waje.

A danna ƙwai, a murɗa hagu, ya hita. In gilashinshi ya yi baƙi, ya tsufa, a sake shi. Sa'an nan a karanta rubutun da ke gindinshi. Ƙwan da ya dace an rubuta mishi 12V 21W. Harahin V yana nuhin bolt, W yana nuhin wat, watau ƙarhin ƙwai.

Nan karatu ke da rana. Akwai ƙwai mai 5W, gindinshi ɗaya da mai 21W, yana shiga mazauni daidai, amma haskenshi kaɗan ne. Akwai kuma mai 24V, na manyan motocin kaya. In aka sa shi ga mota mai bolt 12, sai ya yi ja kamar garwashi. Wanda ya iya karanta lamba, ba a saida mishi ƙwan da ba nashi ba.

A duba mazaunin ƙwai. In ya yi tsatsa ko kore, a kashe kontak, a kankare shi har ƙarhe ya yi haske. In ɗan harshen ƙarhe da ke taɓa gindin ƙwai ya kwanta, a ɗaga shi kaɗan.

GWAJIN MAS

Ga alamar da ba ta ƙarya. An kunna hitilar juyawa ta baya, sai jar hitilar da ke kusa da ita ta shiga ƙyaftawa dishi-dishi. Ko kuwa an taka birki, sai ƙyaftawa ta tsaya. Mas ne ya lalace. Wuta ta rasa hanyarta ta komowa, ta ratsa ta cikin wani ƙwai. Ƙwai 2 suka raba ƙarhin da ya kamaci ɗaya.

Gwajin ba wuya. A samo waya mai tsawon kamu 2, a here bakinta duka biyu. A dangwala baki ɗaya ga ƙarhen da ke riƙe da gehen ƙwai, ɗayan ga ƙarhen mota mai tsabta, inda babu fenti ko tsatsa. Kada wayar ta taɓa harshen da ke kawo wuta. In haske ya ƙaru nan take, an kama ɓarawo.

Sai a kwance notin da ke riƙe da mas, a kankare wurin har ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris bisa don kada tsatsa ta komo.

HIZIBIL, AKWATIN ƘYAFTAWA DA WAYA

Hizibil ɗan siririn ƙarhe ne da ke narkewa in wuta ta yi yawa, don ya tsare mota daga gobara. Ko bai narke ba, bakinshi yana tsatsa. A hidda shi, a goge bakin, a matse ƙarahunan da ke riƙe da shi. In ya ƙone, a sa wani mai lamba irin tashi. Kada a ɗaura waya ko takardar kwalin taba a madadinshi. Mota tana iya kama wuta da mutane ciki.

Akwatin ƙyaftawa yana ƙarƙashin allon gaban direba, shi ke yin ƙas-ƙas. A tsoffin motoci akwai ɗan ƙarhe cikinshi. Wuta ta zafafa shi, ya lanƙwashe, ya yanke wuta. Ya huce, ya miƙe, ya haɗa ta. An auna shi ne da ƙwai 2 masu wat 21. Shi ya sa in ƙwai ɗaya ya mutu, ƙyaftawa ke canzawa: ko ta yi sauri, ko ta tsaya cik. Sabbin ƙwai da ake kira LED wuta kaɗan suke ci, tsohon akwati ba ya jituwa da su sai an sake shi.

A bi waya da hannu. Duk inda aka taɓa ƙulla ta da yatsu aka naɗe da leda, a kwance a gani. Ƙullin da ya yi kore ko yake yin zahi, nan wuta ke ɓacewa. A yanke, a sake haɗawa da kyau. Gyaran cikin sandar direba kuwa, a bar ma mai gyaran wuta.

BATIR DA DINAMO

A tada inji, a taka shi kaɗan. In hitilu sun ƙara haske sosai, batir ya raunana. In ba su canza ba ko kaɗan, kuma duk sun dushe, dinamo ba ya cika shi. A kashe inji, a danna igiyar roba mai juya dinamo da babban yatsa. Kada ta lotsa hiye da wajen santimita 1.

Mai gyara yana da abin awo. Cikakken batir yana nuna bolt 12,6. In inji yana aiki, ya nuna tsakanin 13,5 da 14,5.

Farin gari da ke taruwa bisa kan batir yana tare wuta. A fara kwance kan –, sa'an nan kan +. A wanke da ruwan zahi, a kankare, a maida + kahin –. Ruwan batir yana cin fata da tuhwa, kuma iskar da yake hiddawa tana kama wuta. Ba a shan taba kusa da shi.

KAHIN A KAMA HANYA

In an gama, a maida robar bakin murhi. In ta tsage, a sake ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A hidda mota cikin rana, karen mota ya yi taki 50 baya. In ya ga ƙyaftawa sarai, aiki ya yi.

In gyara bai samu ba, direba ya rage gudu tun da nisa, ya miƙa hannu ta taga kahin ya juya hagu. Fasinja ma suna da bakin magana. Wanda ya ga hitila ta dushe a tasha, ya gaya ma direba, don ranshi yana cikin motar.

TAMBAYOYI

1. Ta wace hanya wuta ke komowa ga batir?
2. Mi aka rubuta a gindin ƙwan da ya dace?
3. In jar hitila tana ƙyaftawa tare da ta juyawa, mi ya lalace?

LISSAHI

1. Ƙwai 2, kowane wat 21. Wat nawa ke nan?
2. Hitila ta ƙyafta sau 12 cikin sakan 15. Sau nawa za ta yi cikin minti 1? Tana da lahiya?